Humrar Inna da ruwan farko

"Ɗiyata, wagga ba humrar Innarki ba ta."

Haka Hajiya, wata dattijuwa daga Rabah, tac ce mini tana aje kwalbar gabana, ana tsakiyar bazara. Shekara da shekaru tana sayen humra wurin Inna nan Wurno, kuma wannan ne haɗina na farko tun da Inna ta rasu.

Na shinshina. Ƙamshin ya taso da kaifi, nan take ya gudu. Sai na tuna Inna ba ta yanke wa turare hukunci cikin zafi, gindin randa take aje shi bisa jiƙaƙƙen yashi.

Nac ce, "Hajiya, zafi na. Ki kai ta gindin randa, ki jira ruwa."

Ta ɗauki kwalbar ta tafi, amma ba ta yarda ba.

Jiya anka yi ruwan farko, gari ya yi sanyi. Yau da safe ta kira ni: "Mi kinka sa ciki? Na shafa, wallahi kamar Innarki ta shigo ɗakin."

Ban ƙara komi cikin kwalbar ba. Ashe hannun Inna na nan gare ni.

Ku fa, wane ƙamshi ruwan farko ke dawo muku da shi?