Liyarin Kakata

Kakata makauniya ce, kuma abu ɗaya ta mallaka a duniya: liyari, wato kuɗin azurfa mai hoton wata Baturiya mai ƙiba. A wuya take rataye shi. Duk haihuwar da ta yi, sai kakana ya kai wa maƙeri ya yi tsaga ɗaya a bakinsa. 'Ya'yan duk sun rasu, har da mahaifiyata, in ban da kawuna. Da hantsi takan zauna tana bin tsagogin da babban yatsa, tana kiran kowa da sunansa.

Bayan samun 'yancin kai, aka kawo wani Bature aiki a injin gurzar auduga na Funtuwa, mai tara tsofaffin kuɗi. Kawu, wanda ko jaki ya yi tusa sai ya ji ƙamshin riba, ya samu labari a kasuwar Maska. Ya duba shekarar da ke jikin liyarin, ya ga ya kusa shekara ɗari biyu da bugawa. A gabana ya tsinke zaren. Da ta riƙe masa riga, ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Baturen, in ji Kawu, dariya ya yi. Ya ce har gobe ana buga irinsa a Turai, kuma shekarar nan ɗaya ake sa wa kowanne. Shi kuɗin gwaji yake nema, waɗanda aka buga kaɗan don a gani, ba a taɓa kashewa ba. Amma tsagogin sun ba shi sha'awa, sai ya karɓe, ya ba Kawu sabon bugu da sule biyu. Sule biyun a tsire suka ƙare tun kafin ya baro tasha.

Na tsani Kawu a ranar, kuma har yau ban huce ba. Ya shigo yana sakace, ya jefa wa Kakata sabon liyarin a cinya.

"Ga abinki, Inna. Matar ce dai, shekarar ce dai. Har ya fi naki ƙyalli."

Ta ɗauka, ta zagaya bakinsa da yatsa, ta sake zagayawa. Babu tsaga ko ɗaya.

"Har da taka ka sayar?" ta tambaye shi.

Ya ce ai tsaga ce kawai.

"To," ta ce, ta miƙa masa. "Ashe ban haifi kowa ba."

Ta ƙara damina biyu a gidan kafin ta rasu. Ban sake jin sunansa a bakinta ba.