Dambun mai naɗe laima

Shekarun baya, autanmu ya samu gurbin koyon tuƙin ƙananan jirage a ƙasar waje, mahaifiyata ta ce sam. Ni aka wakilta in lallashe ta, ni da ko tsanin jirgi ban taɓa takawa ba, iyakata motar Suleja zuwa Abuja.

Na ɗauko murafen tukunya biyu ina ta shawagi da su a tsakar gida. Na ce, "Mama, sama ma da dokarta. In jirage suka yi gaba da gaba, kowa ya kauce dama. In hanya ta gitta, wanda ke dama shi zai fara wucewa."

Ta ce, "In ɗayan bai gan shi ba fa? 'Yan acaɓan garin nan ma ai sun san doka."

Na ajiye murafen. Auta ne ya cece ni. Ya ce jirgin makarantarsu yana da wata ƙatuwar laima a naɗe a bayansa. In abu ya ɓaci, hannu ɗaya za ka ja, ta buɗe, ta sauko da jirgin dungurungum da mutanen ciki. Mama ta amince, amma da sharaɗi: ranar da wani abu ya faru, ya dawo gida ke nan, ba komawa.

Abin kuwa ya faru. Yana shirin sauka, wani ɗalibin da bai gan shi ba ya gogi wutsiyar jirginsa. Auta ya ja hannun laimar. Jirgi ya tashi daga aiki, shi ko sai ƙujewa a goshi.

Da ya zo hutu, wallahi tausayi ya ba ni. Yaron nan bai da burin da ya wuce tuƙin nan, ga shi ya san sharaɗi. Kullum yana bina, "Yaya, ni fa ke da hanya, ki gaya mata." Ni kuwa ina zan fara?

Wata rana da hantsi Mama, wadda tuni ta ji labari, ta ce a nuna mata hoton da aka ɗauka ranar hatsarin. Ta daɗe tana kallon jirgin yana reto a ƙarƙashin laima, sannan ta ce, "Wa ya naɗe ta?"

"Wani ma'aikaci ne, Mama. Ban san shi ba."

"Bai san ka ba, amma bai yi ha'inci ba."

Kashegari ta aike ni kasuwa sayen nama. Da hannunta ta yi dambu, ta cika roba, ta ajiye gaban auta.

"In ka koma ka nemo shi. Ka ce uwarka ta gode."

Sai can ya gane ta ce "in ka koma". Ya durƙusa ya kifa kai a cinyarta, ni kuma na shige kicin ina ta kuka.

Bai samu mutumin ba, an ce a wata masana'anta mai nisa ake naɗewa. Har yau abin na taɓa ni, yadda ranka kan rataya a aikin wanda ba za ka taɓa gani ba. Mama dai kowace asuba, bayan ta gama yi mana addu'a mu 'ya'yanta, sai ta ce, "Da mai naɗe laima, Allah Ka tsare masa nasa."