Billen da Na Kai a Goge

Tun ina firamare a Dangora na tsani billen da ke kumatuna na hagu. Ɗan zane ne, bai kai tsawon ashana ba, amma duk hoton da na ɗauka shi nake fara gani. Da na fara koyarwa, wata abokiyar aikina ta ba ni labarin wani shagon gyaran jiki a Kano, inda ake shafa wa mutum wani ruwa a fuska, tsohuwar fata ta saɓule, sabuwa ta fito. Ni kuwa da shegen son sanin ƙwaƙwaf, hutu na zuwa na hau babur zuwa Kafin Maiyaƙi, na shiga mota.

Matar shagon ta ce tabon ƙuraje zai tafi, bille kuwa sai an gwada, wataƙila sai an yi sau uku. Ta shafa ruwan da auduga. Wayyo, kamar an watsa mini barkono! Ina hawaye ina tambayarta da me ake haɗa shi, tana cewa in rufe baki kada ya shiga. Ta kafa mini doka: kwana bakwai ba shiga rana, ba ɓarewa, kada kowa ya taɓa.

Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, ita ta raine ni, don mahaifiyata ta rasu ban fi shekara biyu ba. Idonta ya yi rauni sosai a lokacin. A kwana na uku fuskata ta fara saɓa kamar dafaffen dankali, matan gida suka kai mata labari. Ta sa aka kira ni.

"Ke, me aka zuba miki?"

Na yi mata bayani. Ta yi ta tambaya: da zafi? Yana wari? Jiƙa ki aka yi ko shafawa? Can ta fashe da dariya.

"Ashe jima aka yi miki! Ja'ira, da kin faɗa ai da na kai ki wurin majema, da toka da bagaruwa sun gama da ke."

Muka yi dariya har fatar bakina ta tsage. Sai ta miƙo hannu za ta shafa kumatuna, na ja da baya, na ce an hana. Kuma don rawar kai na ƙara da cewa in Allah ya so har billen zai tafi.

Hannunta ya tsaya a sama. Ta ce ni ce ban sani ba, amma ran da aka yi mini zanen, mahaifiyata ta zauna a gaban wanzami, ta ce ya duba nata ya yi irinsa, wuri ɗaya, tsawo ɗaya. Mahaifiyar tawa kuwa ba ta bar hoto ko ɗaya ba.

"Duk shafa miki fuskar da nake yi, kin zaci ke nake dubawa?"

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Sauran kwana huɗun nan na yi su da madubi a hannu. Fata na zuba, wurin ya yi ja ya kumbura, ban iya gane ko yana nan ko ya tafi ba. Ni da na biya a goge shi, ga ni ina roƙon Allah ya bar mini shi. Iya ba ta sake ta da maganar ba, sai dai kullum da safe ta tambaya, "Saura kwana nawa?"

Ran na takwas, bayan ta gama lazimi, na durƙusa a gabanta na kama yatsanta na ɗora. Ta bi daga gefen hanci, a hankali, ta koma, ta sake bi. Ya dushe a ido, amma yatsa ya same shi.

Ba ta ɗauke hannun ba. Ƙafata ta yi tsami, kunun da na kawo mata ya huce, na ƙi motsawa.