Minti biyun Baba Garba

Har yau ranar taron meri, wato ofishin magajin gari, ba ta fita daga kaina ba. Ku sababbi ku saurara, ko da kun san bakina ba ya da birki.

Lokacin wata takwas ke nan ina aiki da ƙungiyarmu. Aikin kun san shi: ka je gidan mutumin da jikinsa ya gaza, ka yi masa wanka, ka canza masa kaya, ka juya shi kar bayansa ya yi gyambo. Nawa mutumin Baba Garba ne, a unguwar Kirkissoye, tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya, da hatsari ya kashe masa jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Shi Bagobiri, ni Bazabarme, don haka wasa halal ne tsakaninmu. Ina cuɗa shi ina ce masa bawana, shi yana ce mini ɓarawon sabulu. Amma sai da na yi wata biyu cur kafin ya yarda na cire masa zane. Kafin nan bokiti kawai nake ajiyewa in juya baya, ya yi abin da hannunsa ya kai.

Sai shef ɗinmu, Madam Hadiza, ta ce meri ta kira taro don jin ra'ayin jama'a kan wannan aiki. Ana so a kawo tsarin karɓa-karɓa, wato kowane wata a canza wa mutum mai kula da shi, wai kar ma'aikaci ya gaji. Duk naƙasasshen da ya zo za a ba shi minti biyu da mikoro, wato abin magana, sakatare ya rubuta.

Sati guda Baba yana shirya maganarsa. Guda ɗaya ce tak: kar a canza masa mutum. Ya ce mini tsiraicinsa ba kasuwar Maourey ba ce da kowa zai ratsa.

Muka tsallaka gadar kogi da taksi, kekensa a but. Zauren ya cika. Da aka zo kanmu na tura shi gaba, ya karɓi mikoro, ya ɗaga ido. Layin farko, ga surukinsa, mijin babbar ƴarsa, ya zo don kara. Bayansa mata reras. Ta yaya dattijo zai yi zancen wanka da tsarki a gaban suruki? Baba ya yi sallama, ya gode wa hukuma, ya sake gode wa hukuma. Sai ya sunkuyar da kai, ya miƙo mini mikoro.

"Yaro, faɗa musu."

Ni ma surukin nan na kalla, na kalli matan, na ji maganar ta yi mini nauyi. Sai na koma ga abin da na iya. Na ce Bagobirin nan ba ya da matsala, a dai saka wa kekensa inji da oda, ya koma dakon albasa zuwa Gaya. Zaure ya fashe da dariya, har jami'in da ke shugabantar taron. Na ga sakatare ya rubuta kalma ɗaya. Daga baya Madam ta ce mini abin da ya rubuta shi ne: ya gamsu.

Muka shiga taksi za mu koma gida. Sai da muka kai tsakiyar gada, Baba yana kallon ruwa, ya ce, "Ka ba su dariya, Isufu." Ranar ce kaɗai ya kira sunana.

Na je wurin Madam na ba ta gaskiyar magana. Ta ce rahoto ya riga ya hau sama, ba ta da ikon taɓa shi. Wata na gaba aka mayar da ni unguwar Goudel. Wanda ya canje ni yaron kirki ne, amma Baba ya koma ga bokiti da juya baya. Kafin ya saba, an kawo wani. Da na leƙa shi a gidan likita bayan salla, gyambon bayansa ya kai faɗin tafin hannuna. Na ce masa bawana, ya kalli bango.

To, abin da zan ce muku: mutanenmu ba a gaban jama'a suke faɗin abin da ke cin su ba, a bayan ƙyaure suke faɗa, lokacin da kake matse tsumma. In an miƙo maka mikoro, wannan maganar za ka ɗauka, ko wa ke zaune a layin farko. Ni an ba ni minti biyun mutum, na kashe su a kan albasa.