Malami Ba Ya Ɗauraya

Akwai abin da na sani game da Malami na Tambuwal wanda ko matarshi ba ta sani ba. Zan faɗa maku, amma ku yi haƙuri, sai kun san mutumin tukuna zancen zai yi gishiri.

Malami tsohon masinjan sakatariya ne. Shekara talatin yana kai takarda ofis-ofis, ba gona, ba akuya, ba ko kaza. Abu guda ya tara a duniya: farar riga. In ya fito ran Juma'a, 'yan kabu-kabu masu haya da babur rage gudu suke don hasken na kashe masu ido. An ce ya taɓa zuwa suna Kebbe bisa babur, kowa ya isa jawur kamar an tono shi, shi ko ya sauka fes, har wani makiyayi ya zaci hakimi ne ya durƙusa. Tun ran nan bai sake barin kowa ya taɓa mashi wanki ba.

To, ga asirin: Malami ba ya ɗauraya. A ganinshi ɗauraya zubar da haske ce a kwata. Yakan kwarara garin sabulu kamar zai dama kunun gayya, ya cuɗa, ya matse, ya shanya cikin ɗaki, ya rufe taga kar maƙwabta su sace dabara. In ta bushe, nan zai kakkaɓe ta. Nan yake cin tuwo, nan yake kwana, nan yake tari yana ɗora wa fura laifi.

Sai ga ɗiyarshi Ruwaida, mai karatun kimiyya a Sakkwato, ta zo hutu da 'yar tocila mai shuɗin haske, irin ta neman kunama. Da rana tsaka ta ja ƙofa ta haska. Bango ya amsa, tabarma ta amsa, ƙurar ƙarƙashin gado da akushi duk suka kama walƙiya kamar gidan biki. Gemun Malami ma ba a bar shi baya ba.

Ta yi mashi bayani cikin ladabi. Wai akwai sinadarin da ake sa wa sabulu, ba dauɗa yake cirewa ba, ido kawai yake ruɗa. Yana barbaɗewa cikin ƙurar ɗaki, a shaƙa, a haɗiye. Masu bincike sun fara tsintar shi a gidaje, ba su ma gama sanin abin da yake wa jiki ba. Ba ta rantse cewa shi ya kawo tarin ba, amma ta roƙe shi ya ɗauraya sau uku, ya shanya a tsakar gida.

Bawan Allah bai tambayi lafiyar ƙirjinshi ba.

"In na ɗauraya, Ruwaida, mi zai raba ni da sauran mutane?"

"Baba, ai ka samu numfashi."

"Numfashi ai kowa na da shi."

Nan dariya ta ƙwace mani, ni da ke manne da bango ta lungu. Taga ta buɗe, muka haɗa ido da Malami.

"Kamila uwar gulma, kin ji duka ko?"

Na ce makullina nika nema.

"Ci gaba da nema. Na san ba ki iya shiru. In za ki faɗa, ki bar zancen tari, ki dai ce har gemu ya haska."