Baba Ilu ya tafi bai faɗa mani sunan mutumin ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Ilu ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina ƙofar gida a Adjamé ina shan shayi. Maƙwabcina ya tsaya a kaina ya ce, "Yako, Lamin," yadda ake yi wa mutum jaje a nan. Na ce yako na me? Ya ce, "Au, ba ka ji ba? Tsohon naka ya yanke jiki ya faɗi a hanyar masallaci. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa."

Wallahi har yanzu kaina bai ɗauka ba. Shekaranjiya fa muna tare.

Wanda bai san shi ba, tela ne a Treichville, nan bayan babban masallaci. Shan inna ya taɓa masa ƙafa tun yana yaro, da sanda yake tafiya, amma in kuka jera sai ka roƙe shi ya jira ka. Shi ke kula da mu masu naƙasa da ƙungiyar 'yan kasuwarmu take ba taimako duk wata. Na shiga cikinsu tun da na faɗo daga kan kamiyo, babbar motar kaya, a Indénié ana sauke kaya, aka yanke mani ƙafar dama.

Allah ya saka wa masu ba da taimakon nan, shi ya rufa mana asiri ni da iyalina. Amma a da, ranar da aka ji ka fara aiki, ranar ake cire ka. Sai kowa ya lafe a ɗaki. Wa zai yi gangancin sakin abin da ke hannunsa don aikin da bai san ko zai kai wata ba? Baba Ilu ne ya tsaya wa dattawa a wuya, yana buga sandarsa a ƙasa a wurin taro, har suka yarda a bar wa mutum taimakonsa sai aikin ya zauna.

To an yarda. Ina aikin?

Ku yi haƙuri Alhazanmu, yau sai na faɗa. Ba mugunta gare ku ba, kunya ce. Kuna tsoron a ce wane da dukiyarsa ya rasa wanda zai sa aiki sai mai ƙafa ɗaya. Ka je ka ce, "Alhaji, aiki nake nema," kafin ka rufe baki ya damƙa maka sadaka, ya bi ka da addu'a. Ka yi godiya, ka fito zuciyarka tana tafasa, kuma ba ka da wanda za ka yi wa fushi.

Baba Ilu ya taɓa samo wa wani makaho wuri a shagon wani bawan Allah. Magana ta fita kafin ranar farawa. 'Yan uwan mai shago suka yi masa caa, wai zai ja masu zagi a gari, har ya fasa. Tun daga nan tsohon ya kulle bakinsa. Ba ya faɗin sunan wanda ya yarda sai ranar da ya kai ka ƙofarsa da kansa. Ba ya yin maganar a waya ma, takawa yake har wurin mutum.

Shi ya fara ɗinka mani wando bayan na fito asibiti. Da allurar kama zane nake naɗe ƙafar wandon. Ya dube ni ya ce, "Mene ne wannan kamar ƙunshin goro?" Ya karɓa ya gyara, ya sa maɓalli.

Shi ya koya mani hawa gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, da sanduna biyu. In direba ya ce ba zai jira ba, ya wanke shi tas da Julanci, fasinjoji suna dariya.

In na fara ƙorafi kuma ba ya raga mani. "Lamin, ƙafa aka yanke ko har da kan aka haɗa?"

Kai, tsohon nan ya iya faɗa.

Shekaranjiya ya aiko in same shi a shago. Ya sayo mana garba, dambun rogo da soyayyen kifi, ya tura mani kifin duka wai shi haƙora sun yi ritaya. Muna ci ya ce, "Ɗana, na samo maka. Mai albasa ne a kasuwar Guro. A zaune za ka yi, kana ware masu ruɓewa, in ya fita ka kula masa da ƙofa. Da albashi, ba sadaka ba."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na ce, "Baba, wane ne?"

Ya ce, "Litinin za ka gan shi."

Na ce to ko garinsu ka faɗa mani, ɗan Tawa ne ko ɗan Maraɗi? Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai da bakinka ba linzami? Ko Hadiza kada ka gaya wa. Ka dai aske gemun nan."

Ina isa gida na gaya wa Hadiza, matata. 'Yarmu ta ji. Yarinyar da Faransanci ya fi Hausa zama a bakinta, ta dinga tsalle a tsakar gida tana cewa "Papa va travailler!", wato baba zai yi aiki. Ban san zamana yana damunta haka ba, ba ta taɓa nuna mani ba.

Yanzu na dawo daga gidan gaisuwa. Na daure na tambayi matarsa, ina jin nauyin tambayar a rana irin ta yau. Ta ce, "Ɗana, ni ma bai faɗa mani ba. Cewa kawai ya yi na yaron nan ya yiwu." Sai ta rufe fuska da mayafi.

Na koma rumfa na zauna. Masu albasa suka yi ta zuwa, kusan duka na san su tun ina sauke masu kaya. Kowa ya gaisa da mutane, in ya zo kaina ya dunƙule wani abu ya sa mani a tafi. Ni kuwa fuskokinsu nake bi da kallo kamar wanda ya ɓatar da akuya a kasuwa. Wannan ne? Ko wancan? In shi ne, zai ba ni sadaka?

Can sai ga wani dogo mai furfura, ban san shi ba. Ya miƙo mani hannu, hannun babu komai. Ya riƙe nawa ya ɗan jima. Ya ce, "Kai ne Lamin?" Na ce ni ne. Ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri." Kamar zai ƙara wata magana, sai wasu Alhazai suka iso, ya sake ni ya wuce. Kafin in tattara sanduna in miƙe, ya shige cikin jama'a.

Na tambayi na damana, ya ce kamar ya taɓa ganinsa a Guro. Na haguna ya ce a'a, tayoyi yake sayarwa. Wani ya ce ai dangin marigayin ne daga gida Nijar.

To ni me zan kama? Wataƙila shi ne. Wataƙila kuma mutum ne kawai da ya fito ba ko sisi a aljihunsa, na bi na ɗora masa duk burina. Amma ina ya san sunana?

Hadiza ta ce in bari a share makoki tukuna. Maƙwabcina ya ce in haƙura, ai taimakona yana nan, me ya yi zafi? Ni kaina ban sani ba ko rubutun nan ɓata abin zai yi, tunda ga shi na tona abin da tsohon ya rufe. Ina kuka, ban san rabon da ke na rashinsa da rabon da ke na kaina ba, kuma wannan ma kunya yake ba ni.

Abu ɗaya na yanke. Litinin da safe ina bakin layin masu albasa a Guro. Ba ni da wuyar ganewa.

Alhaji, ko kai wane ne, ba wanda ya san ka, kuma ba za a ji daga bakina ba. In kana kan bakanka, ka ce in shigo. In ka fasa ma ba zan riƙe ka ba, amma ka zo ka faɗa mani da kanka, ko don in san cewa a duk garin nan akwai mutum ɗaya da ya ce wa Baba Ilu to.

Ya Allah, bawanka Iliya ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka hutar da shi daga duk takawar da ya yi saboda mu. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce bai yi masa addu'a ba. Wanda kuma yake da ɗan uwa mai albasa a Guro, ya taimaka ya karanta masa wannan.