Jiragen Yaƙin Mushe Lawali

Duk wanda ya taɓa yi wa Mushe Lawali sallama da hantsi ya san ba a amsawa. Yana ciki, yana jin ka sarai, amma ya riƙe numfashi, hantsaki a hannu, yana liƙa wata 'yar bindiga mai kamar ƙwayar shinkafa a jikin jirgin roba. Sai gam ya kama zai amsa, lokacin kuwa wani baƙon har ya kai bakin kwalta.

Ni taubashinsa ne, ɗan kawunsa, saboda haka abin da kuke faɗi a bayan idonsa ni a gabansa nake faɗi. Mutumin da aka haifa a Tasawa, ya koyar a lakwal, makarantar bokon da ake ce wa malami Mushe, har ya aje aiki, bai taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin damina ba, shi ne ya cika ɗaki da jiragen yaƙin teku! Ɗansa Nuhu da ke aiki a Kwatano ke aiko masa da su a kwali, gutsattsarin roba kamar an fasa bokiti, shi kuwa ya harhaɗa ya shafa fenti. Na taɓa cewa ya kawo ɗaya mu jefa a tabki mu ga ko ya iya iyo. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ai ni ma ina da takalman Salla, bai ga na shiga gona da su ba.

Wanda ya tsaya masa a rai shi ne babban, mai tsawon hannu, na ƙarshe da Nuhu ya aiko. Lokacin yanar ido ta fara hawa masa, ya kuma rantse sai ya gama shi kafin ta rufe.

Da bazara ta yi bazara, zafin kwano ya sa bindigogin wani ƙaramin jirgi suka langaɓe. Hankalin Mushe ya tashi. Ya kwashi babban da 'yan rakiyarsa ya jera a gindin randar matarsa, Haja Mariyama, inda ƙasa ke da sanyi, ya kafa doka cewa mai jin ƙishirwa ya nemi izini. Haja ta yi haƙuri har ran da ta kusa haɗiye wani ɗan sojan roba a moɗa. Ta ce ko jirage su tashi ko tukunyar tuwo ta tashi. Washegari ya sayo wa jiragen randarsu, ana cika ta kullum, ba mai sha.

Sai ga Alhaji Idi daga Urafane, uban matar Nuhu. Ya ga babban jirgi ya yi ta yabo, ya ce lalle jikoki za su ji daɗin jan sa da igiya. Kun san kunyar suruki, ba a hana shi abin da ya nuna. Mushe ya fita. Can sai ga shi yana jan ragon da Haja ke kiwo.

"Alhaji, wanga ya hi dacewa da girmanka. Shi kuma ya saba da igiya."

Alhaji ya tafi yana sa albarka. Haja kuwa sai da aka sa baki kafin ta koma gaishe da Mushe.

Daga nan ido ya yi ta ja baya, shi kuma ya ƙi a kama masa ko murfin gam. Da lalube ya ƙarasa. Ran da ya ce ya gama, gida ya taru, kowa na cewa masha Allah, har da masu tafi. Yabon ne ya yi masa yawa. Ya ce a kira ni, don ya san taubashi ba ya yabo, balle ƙaryar tausayi.

Na duba. Manyan bindigogin gaba duka ya liƙa su a juye, suna kallon ɗakin matuƙi. Haja tana ta ƙifta mini ido. Na ji kamar in bi sahu, amma da na yaba masa, da a take ya san na daina ɗaukarsa mai ido.

Na ce, "Mushe, halan direban jirgin ga laihi ya yi maka? Bindigogi duk sun auna shi."

Mushe ya miƙa hannu. Ya shafa da yatsa, ya daɗe yana shafawa, sannan ya ɗaga kai ya ce da gangan ya yi, don kada matuƙi ya yi tunanin gudu. Aka fashe da dariya. Da mutane suka watse, ya kamo hannun rigata.

"Gobe ka taho da sahe. Ka zo da idonka, ka bar bakinka gida."

Na zo. Ina riƙe da hantsaki, hannunsa a kan nawa, yana yi mini faɗa wai ina rawa kamar mai zazzaɓi, har muka juya su ɗaya bayan ɗaya. Ya bi jirgin da yatsa daga kai har gindi, ya ce alhamdu lillahi. Damina ba ta fita ba ya rasu, kuma wallahi har yau ban sami wanda zan tsokana ya rama mini kamarsa ba.

Allah ya jiƙan Mushe Lawali, ya yafe masa kurakuransa. Hasken da ya rasa a nan, Allah ya cika masa kabarinsa da shi.